Kaso na Uku na Yaƙin Wadanni

Kuchigoro, Abuja
4 ga Yuni

Zuwa ga taubashiyata Rakiya, malamar makaranta mai ritaya, a Gashuwa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da jikoki da wannan kunnen naki da ya yi yaji ya ƙi dawowa. Ni gwiwa ce kawai, ita ma tsohuwar abokiya ce. Da kina jin waya da ban wahalar da Zacharias direban motar kifi ba, amma tunda tsakaninki da waya sai kallo, ga takarda.

Wata magana na ji tun bara, na ƙi yarda da ita, na kuma ƙi gaya miki. Wai akwai wata mace a bayan Mararaba da ke ba da labarin Yaƙin Wadanni. Ba duka ba, ƙarshensa kaɗai.

Kin san abin da wannan ke nufi, amma bari in rubuta, in ga ko zai yi hankali a kan takarda. Kakarmu Bara'atu, da ta ga ƙarfinta ya ƙare, ta raba mana labarin kashi uku kamar naman layya: ni na fari, ke na tsakiya, ƙanwata Mariya na ƙarshe. Ta ce kowa ya saurari na kowa, amma kada wanda ya ɗauki na wani a bakinsa. In muna son labarin ya cika, dole mu zauna a tabarma ɗaya. Dabarar tsohuwa ce don kada zumunci ya tsinke. Ba ta san za a wayi gari garin Tudun Kanwa da kansa ya tsinke ba.

Nawa kason yana nan, ban yar ba. Wadanni fatake, babu wanda ya wuce taƙi biyar a cikinsu, suna ratsa babban ruwa da kanwa da ƙarfe da gishiri. 'Yan fashin ruwa kuwa dogaye, masu ƙugiya a bakin gora, su janyo jirgi su faɗa ciki, wada bai kai ga ƙirjinsu ba balle ya rama. Sai Madugu Taƙi-Biyar ya ce a yi wa kowane jirgi rufin katako daidai tsayin wada. Ɓarawo ya diro, ya ga ba shiga sai da rarrafe, ya cusa kai, ya tarar da guduma tana jiransa. Jiragen ɓarayi saba'in wadanni suka ƙwace a damina ɗaya. Wani lokaci ina zaune a bakin kasuwar Wuse ina gyaran laima, sai in ji bakina yana motsi da shi. Babu mai saurare. Garin nan ba su san ruwa ba, wani kududdufi ne a Jabi suke kira tafki har suna zuwa ɗaukar hoto.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonmu da Mariya, tun ranar da aka shigo garinmu muka gudu. Mun yi mata addu'a ba gawa. Na ɗauka kaso na uku ya tafi da ita. To ga shi maganar ta sake dawowa makon jiya, wannan karon daga bakin Zacharias da kansa. Ban san abin da nake so ki ce ba. Na dai gaji da riƙe ta ni kaɗai.

Naki,
Kure


Gashuwa
15 ga Yuni

Zuwa ga Kure, tsohon matuƙin jirgi da ya koma likitan laima.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kunnena yana jin abin da ya ga dama, kuma ya fi gwiwarka amfani. Jikata ta haihu, mace, an sa mata Mariya. Na so in gaya maka tun watan jiya, na rasa ta inda zan fara.

Shekara talatin ina koyarwa, tambaya ɗaya nake yi wa duk yaron da ya kawo mini tsegumi: wa ya gaya maka? Shi kuma wa ya gaya masa? Kai ka kawo mini “wai”. Rabin mutanen Tudun Kanwa sun ji labarin nan a ƙofar gidan Kaka, kuma haramcin a kanmu mu uku yake, ba a kansu ba. Kowace tsohuwa da ta tsira tana iya ba da shi. Kada ka ɗora wa zuciyata abin da ba za ta iya saukewa ba.

Amma tun bara, Kure? Tun bara ka ji, kana zaune kana ɗinke laimar mutane? Nawa ne tsakanin Kuchigoro da Mararaba? Zacharias ya ce in ba cunkoso ko awa ɗaya ba a yi. Lalacinka na sani tun muna yara, amma wannan ya wuce wasan taubasai.

Ka tuna kasona. Wadanni sun ci yaƙin farko, suka miƙe ƙafa a ƙarƙashin rufinsu suna cewa an gama. 'Yan fashi suka daina dirowa, suka tsaya daga nesa suna harbo kibau masu wuta. Rufin da ya cece su shi ya zama murhu, jirage arba'in suka ƙone a mashigin Kada tsakanin hantsi da azahar. Suka shafe sauran rufin da laka da kanwa, wuta ta daina ci, amma jiragen suka yi nauyi har ruwa na lasar bakinsu, ba gudu ba juyi. Haka suka ja jiki zuwa Tsibirin Toka, aka kewaye su. Ni aka ba kason shan kashi, shi ya sa na san kamanninsa. Kai ma ka shige ƙarƙashin wani rufi ka zauna. Fito ka je ka tambaya.

Rakiya


Kuchigoro
28 ga Yuni

Rakiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya raya takwarar Mariya. Gwiwa ta kumbura saboda hawa da saukar mota, ke kika jawo.

Na bi tambayarki. Zacharias ya ce a tashar Mararaba ya ji, wurin wata mai sayar da doya, Kindness. Na je na same ta. Mace ce mai fara'a, Hausarta irin ta nan, namiji da mace duk “shi” ne. Ta ce ita ma a ƙauyensu ta ji, gidan matar yayanta Prudence, inda wata tsohuwa ke ba da shi kullum da la'asar. Na ce ta ba ni yadda ta ji. Ta ce, “Baba, kai ma kana son labarin gajerun mutane?” Na ce ina so.

Kin san yadda Mariya take ƙarasa shi a da. Wadanni a Tsibirin Toka ba su yi faɗa ba, jira suka yi. Sun san ruwan, 'yan fashi ba su san shi ba. Rani ya shigo, ruwa ya ja baya, manyan jiragen ɓarayi suka kafe a taɓo, wadanni suka sulale ta tsakaninsu a jiragensu masu shafaffen gindi. Madugu ya ƙirga kawuna a tsakiyar ruwa, ya ce, “Ba a bar ko ɗaya ba.” Nan Mariya take tafa hannu, mu tashi.

A bakin Kindness ba haka ya ƙare ba. Madugu ya ƙirga, ya tarar an rasa mutum ɗaya. Jirgin ƙarshe ya yi nauyi, an bar wata wadanniya a bakin tsibiri, ruwa iya ƙirjinta. Kuma matuƙin jirgin yayanta ne, mai guntun yatsa a hannun hagu. Tana faɗin haka na tura hannuna cikin aljihu. Kin san igiyar komar kamun kifi ta cinye mini rabin ɗan ali tun ina saurayi. Na ce, to yaya aka yi aka bar ta? Ta ce nan ne ba ta ji ba, ranar ruwan sama ya sauko suka watse.

Babu wata tsohuwar Tudun Kanwa da za ta sa wannan yatsan a labarin Kaka. Mariya ce, ko wadda ta ji daga bakinta.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce muku mun rabu a cikin turmutsutsu, ban gan ta ba. Ƙarya na yi. Na gan ta. Da hantsi ne, ana harbi daga bayan masallaci, jirgina ya cika har ruwa saura faɗin yatsa biyu ya shigo. Mutum talatin da wani abu, yawancinsu mata da goyo. Ta iso a ƙarshe, ta kama bakin jirgin da hannu biyu. Da ta hau, da duk mun nutse. Na kafa gora na tura. Na ji nauyinta ya bar jirgin. Ban waiwaya ba.

Kin ce lalaci ne ya zaunar da ni. Da ma shi ne. Shekara goma sha ɗaya ƙanwata tana ba baƙi labarin abin da na yi mata, kullum da la'asar. Ba zan je ba. Ba ni da fuskar da zan kai.

Kure


Kuchigoro
9 ga Agusta

Rakiya,

Ina gaisuwa. Lafiya lau, sai ruwan sama da ya sa laima ta yi kasuwa.

Mako shida ke nan ban ga amsarki ba. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Ni ma da wani ne ya rubuto mini haka, da na ajiye alƙalami. Abu ɗaya nake roƙo: in za ki gaya wa dangi, ki gaya musu jirgin bai nutse ba, duk wanda ya hau ya sauka da ƙafarsa. Ba don ya wanke ni ba. Don dai shi ma gaskiya ne.

Kure


Gashuwa
20 ga Agusta

Kure,

Muna lafiya, kuma kai wawa ne. Allah Ya ba gwiwarka lafiya tunda kan ya gagara.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Motar Zacharias ta lalace a Potiskum, ta yi wata guda da kwanaki a gareji, ta farkon tana cikin akwatin gaban mota tare da ɓawon gyaɗa. Da ya gyara ya koma Abuja, ka ba shi ta biyu, sai a hanya ya tuna da ta farko. Ka zauna ka yanke wa kanka hukunci da bakina, ni ko karantawa ban yi ba.

Na karanta yanzu. Na yi kwana biyu ban ci abin kirki ba, ba zan ɓoye maka ba. Na yi fushi da ƙaryar fiye da turin jirgin. Ƙanwar mijina Hajara tana cikin jirgin nan da tagwayenta, ga su nan sun shiga sakandare. Ban san yadda ake auna wannan da wancan ba, kuma ba ni aka ba ma'aunin ba.

Amma ka sake duba abin da ka rubuta da hannunka. Mai doya ta ce ba ta ji yadda aka bar wadanniyar ba. Ba ta ji ba, kai ma ba ka ji ba. Ka ɗauki wurin da babu komai ka cika shi da abin da kake tsoro. Kuma ko da abin da kake tsoron ne, haƙƙinta ne ta faɗa maka a fuskarka. Kana so ta mutu a gidan mutane, ba wanda ya san sunan ubanta, don kai kana jin kunya?

Da ina da ƙafar tafiya ni kaɗai da tuni na zo. Ka je. In ka dawo kada ka kawo mini “wai”. Ka gaya mini wa ya faɗa maka, da sunansa.

Rakiya


Kuchigoro
2 ga Satumba

Zuwa ga taubashiyata Rakiya.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni na gaji, irin gajiyar da ba ta gwiwa ba, amma lafiya.

Na je ranar Talata. Kindness ta bar doyarta a hannun maƙwabciya ta raka ni. Daga Mararaba mota, daga mota babur, daga babur ƙafa, ta cikin gonakin doya da rogo. Ƙauyen Gbagyi ne, coci a wannan gefe, ɗan masallaci a wancan. Prudence ta fito tana goge hannu a zane, mace mai jiki, ba ta da yawan magana. Na gaya mata daga inda na fito. Ta dube ni, ta dubi hannuna na hagu, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, “Baba, ka yi late. Amma shigo.”

Ta ce shekara goma da suka wuce ta ga tsohuwar a tashar Mararaba, zaune kusa da masu lodin kifi, ba takalmi, ba ta san sunan garinsu ba. Ta ba ta abinci, washegari ta sake ganinta a wurin, rana ta uku ta tafi da ita gida. Sun yi cigiya a sansanonin gudun hijira biyu, ba wanda ya san ta. Ta ce, “Shi ba ya damun kowa. Yana salla, yana ɓare egusi, da yamma yana ba mu labarin gajerun mutane. Na ce masa, Mama, ina farkon labarin? Ya ce ba nasa ba ne.”

Tsohuwar tana zaune a gindin mangwaro da faranti a cinya. Rakiya, ta tsufa ta wuce ni, ni da na ba ta shekara shida. Amma yadda take karkatar da kai in za ta dubi mutum, yana nan. Na yi sallama, ta amsa. Na ce, “Mariya.” Ta ce, “Na'am. Baƙo, daga ina?” Na ce daga Tudun Kanwa. Ta ce, “Allah sarki, da nisa?” Na zauna a kan turmi.

La'asar ta yi, matan gidan suka taru da tsintar wakensu, ta fara. Muryar ba ta canza ba. Tsibirin Toka, jiran rani, ruwa yana ja da baya taƙi ɗaya kullum, 'yan fashi suna zagin taɓo suna tura jiragensu da kafaɗa. Har kwaikwayon shugabansu ta yi, yadda ƙafarsa ta kafe ya fita ya bar takalmin, matan suka yi dariya kamar ba su taɓa ji ba. Ni ina jiran wuri ɗaya kamar mai jiran alƙali.

Ta iso. Ga yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba:

“Jirgin ƙarshe ya cika, laka ta yi masa nauyi. Wadanniya ta iso ta kama bakinsa. Matuƙin yayanta ne, mai guntun yatsa. Ya kafa gora, amma turin ba ƙarfi, jirgi ya ƙi motsi. Ta ce a ranta, wannan sakaran zai kashe mutane saboda ni. Sai ta saki baki, ta dafa gindin jirgin da hannu biyu, ta tura da duk ƙarfinta. Jirgi ya tafi. Ta ce, kada ka waiwayo, in ka waiwayo za ka karkata shi. Bai waiwayo ba. Matuƙi ne na gaske.”

Ta tafa hannu, kamar da.

Ban san ko haka aka yi ba. Na kwana biyu ina juya ranar nan a kaina. Abin da na iya tunawa shi ne jirgin ya fita daga taɓo da sauƙin da ya ba ni mamaki, har na ce a raina ashe da sauran ƙarfi a jikina. Ko ita ce, ko kuwa shekara goma ta yi tana gyara labarin har ya zama wanda za ta iya zama da shi, Allah ne Ya sani. Ba ni da wanda zan tambaya sai ita.

Da matan suka fara tashi, na ce bari in gwada wani abu. Na gyara murya na ɗauko farkon, yadda Kaka ta koya mini: “A zamanin da ruwa bai san bakinsa ba, akwai waɗansu fatake…” Ban kai ga kanwa da gishiri ba ta buga farantin a ƙasa, egusi ya watse.

Ta ce, “Kai baƙo! Wa ya ba ka? Ajiye shi!”

Na ce, “Nawa ne, Mariya.”

Ta ce, “Ƙarya kake. Kason Yaya Kure ne, ba a taɓa masa. Na tsakiya na Rakiya ne, mai bakin tsiya. Ka bar musu kayansu, za su zo.”

Na ce, “Kin tabbata Kuren yana da rai?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce, “Yo ba ni na tura jirginsa ba?”

Na nuna mata yatsan. Ta kama shi, ta juya, ta ce, “Kai ma koma ce ta cije ka? Ku maza ba kwa jin magana.” Ta sake shi ta koma tsince egusinta daga ƙasa. Na durƙusa da wannan gwiwar na taya ta.

Prudence ta ce in ina so in ɗauke ta, ba za ta hana ba, jininmu ce. Tana faɗa tana kallon wani wuri. Na dubi ɗakina na Kuchigoro a zuciyata, buhu da kwano, na dubi gindin mangwaron nan. Na ce a bar ta inda ta saba, ni zan riƙa zuwa duk Talata. Mariya ta hana ni kasona, to zan zauna cikin masu tsintar wake in saurari nata. Wataƙila wata rana ta ga baƙon ya cika naci ta dube shi da kyau. Wataƙila kuma ba za ta duba ba.

Ke ce dai nake tunani. Ni ta manta fuskata, amma ke ta tuna bakinki. Zacharias ya ce kujerar gaba taki ce duk ranar da kika shirya, ya kuma rantse ya gyara motar. Ki zo da kason shan kashinki. In ta ji na tsakiya daga bakin mai shi, ko ta yarda cewa na farkon ma mai shi ne ya zo. Tabarma Prudence tana da ita, babba.

Kin ce kada in kawo miki “wai”. To ga su a jere. Na fara ji a bakin wani mai shayi a Wuse, ban san sunansa ba, na ƙaryata shi. Sai Zacharias. Sai Kindness mai doya. Sai Prudence, Allah Ya saka mata. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe, da bakinta, ina zaune a kan turmi ba taƙi biyar tsakaninmu, ita ce Mariya 'yar Malam Manniru ta Tudun Kanwa, ƙanwata.

Naki,
Kure